Sojan Amurka Da Dokar Rufe Baki

Ran 20 ga watan Satumba 2011 wata doka ta mutu a Amurka, bayan ta yi shekara 17 tana aiki. Tun daga ranar, maza masu neman maza da mata masu neman mata, watau waɗanda a ke kira 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo, suna iya aikin soja ba sai sun ɓoye halinsu ba. Mun ga ya kamata mu duba abin da ya kashe wannan doka, gama akwai abin lura a ciki ga duk mai riƙe da littafin dokokin ma'aikata.

Asalin maganar shi ne, cikin 1982 Ma'aikatar Tsaro ta ƙasar ta rubuta cewa wannan hali bai dace da aikin soja ba. Da Bill Clinton ya hau mulki cikin 1993 ya so ya ɗage hanin, amma manyan hafsoshi da 'yan Majalisa da yawa suka ƙi. Sai aka raba gardama da wata doka wadda a ke yi wa laƙabi da "Kada a tambaya, kada a faɗa." Hukuma ba za ta tambayi mai shiga soja ba, amma ran da ya faɗa da bakinsa, ko asirinsa ya tonu, sai sallama.

Masu goyon bayan hanin suna da hujjarsu. Sun ce bariki ba ofis ba ne. Soja ɗaki ɗaya su ke kwana, rami ɗaya su ke shiga, ran kowa yana hannun ɗan'uwansa, saboda haka duk abin da zai kawo rashin yarda a tsakaninsu haɗari ne.

To, amma sai a dubi abin da dokar ta ci. Soja fiye da 13,000 aka sallama a ƙarƙashinta. Ofishin binciken kuɗin Gwamnati ya ƙiyasta cikin 2005 cewa an ɓad da wajen dala miliyan 190 cikin shekara goma na fari, wurin ɗaukar madadinsu da koya musu aiki. Cikin waɗanda aka kora akwai fiye da 300 masu jin harsuna irin su Larabci da Farisanci, ga shi kuwa ana yaƙi a Iraƙi da Afganistan, ana neman tafinta ido rufe.

Hasarar da ta fi ta kuɗi ita ce ta gaskiya. Cikin watan Fabrairu 2010 Admiral Mike Mullen, shugaban hafsoshin ƙasar duka, ya gaya wa wani kwamitin Majalisar Dattawa cewa abin da ke damunsa shi ne, doka tana tilasta wa samari da 'yan mata su yi ƙarya game da kansu kafin su tsare ƙasarsu. Shekarar nan aka tambayi sojan da kansu, wajen 70 cikin 100 na waɗanda suka amsa ba su ga soke dokar zai ɓata aiki ba, ko da ya ke sojan kundumbala na ruwa sun fi nuna ƙi. Ga kuma misalin abokan Amurka: Kanada da Ostareliya sun ɗage hanin tun 1992, Ingila kuma cikin Janairu 2000, rundunarsu ba ta watse ba.

Ran 18 ga Disamba 2010 Majalisar Dattawa ta yarda a soke dokar da ƙuri'a 65, masu ƙi 31. Shugaba Obama ya sa hannu ran 22 ga watan. Duk da haka tabon bai goge nan da nan ba, domin waɗansu an sallame su da takardar da ta hana su haƙƙin tsohon soja. Sai cikin 2024 Ma'aikatar Tsaro ta ba da sanarwar gyara takardun mutum fiye da 800.

Kowace ƙasa da al'adarta da dokarta, ba mu ce abin da Amurka ta zaɓa shi kowa zai zaɓa ba. Abin da mu ke so a lura shi ne, dokar 1993 ba ta gamsar da mai so ba, ba ta gamsar da mai ƙi ba. Ta sa hafsa ya kau da kai daga abin da ya sani, ta sa kurtu ya kwana da fargaba, ta kuma ba mai ƙullin gaba makamin tona asiri. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Hukumar da ke son ma'aikatanta su gaya mata gaskiya, lalle ne kada ta rubuta dokar da za ta hore su in sun faɗa.