Kofin Takobi Na Harvard, Da Tambayar Da Nake Wa Yayye Irina

Yau zan ɗan kauce wa ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando da muka saba cacar baki a kansu, in yi magana a kan wasan da na san yawancinku ba ku taɓa zama kun kalla ba, wato wasan takobi na jami'o'in Amurka. Na san wani zai ce to mu ina ruwanmu? Ku ɗan yi haƙuri da ni, muna da ruwa har da tsaki.

A watan Maris na 2024, a birnin Columbus na jihar Ohio, jami'ar Harvard ta ɗauki kofin takobi na NCAA, hukumar nan da ke kula da wasannin jami'o'i. Rabonta da kofin tun 2006. Notre Dame, wadda ta ci sau uku a jere daga 2021 zuwa 2023, ita ta zo ta biyu, kuma ba ta yi sanya ba, ta dawo ta ƙwace abinta a 2025. Mai horar da 'yan Harvard ɗin ma mace ce, Daria Schneider. Columbus gari ne da ba a rasa 'yan Afirka ta Yamma a cikinsa, amma wallahi ban ji ko mutum ɗaya cikin namu ya yi zancen ba.

Bari in faɗa muku yadda kakar take tafiya, don a nan maganata take. Ana fara gasa tun lokacin da ganye ke zuba, amma zafin abin sai Janairu da Fabrairu, lokacin da ƙungiya za ta kwana a hanya ta wuni a zauren wasa tana karawa da makarantu huɗu ko biyar a rana ɗaya. Takubban iri uku ne. Akwai foyil, wanda tsininsa kaɗai ke cin maki, kuma a gangar jiki kawai. Akwai efe, mai ɗan nauyi, shi ko'ina ka taɓa daga kai har yatsan ƙafa maki ne. Sai seba, na sara, daga ƙugu zuwa sama, wanda kafin ka ƙifta ido an gama. Duk akwai waya a jiki, fitila ke nuna wanda ya taɓa wani, a kan wata doguwar shimfiɗa mai tsawon mita 14. In makarantu biyu suka haɗu, kowacce na kawo mutum uku a kowane takobi, kowa ya kara da kowa, karo 27 ke nan. Wanda ya riga cin 14 ya yi nasara.

To amma duk wannan share fage ne. Kofin ƙasa yana da nasa lissafin. Sai an bi ta gasar shiyya a farkon Maris kafin a samu gurbi, kuma a tsarin da aka yi amfani da shi daga 1990 zuwa 2025, maza da mata kofi ɗaya suke nema. Makaranta ba ta iya kawo fiye da mutum 12, biyu a kowane takobi ɓangaren maza, biyu ɓangaren mata. Kowane ɗan wasa zai yi karo 23 na taɓawa biyar-biyar, kuma duk karon da ya ci maki ɗaya ne ga makarantarsa. Kun ga ke nan gwani ɗaya, ko da aljani ne, 23 kawai zai iya kawowa. Yarinyar da ta zo ta goma sha biyar, wadda ba wanda zai ɗauki hotonta, makin da ta tsinto a karonta na ƙarshe ƙafafu na rawa daidai yake da na zakara. Shi ya sa masu horarwa suke yawo gasannin yara suna neman 'yan shekara sha biyar da sha shida. Kofin da aka ɗaga a Maris, tun shekaru da dama baya aka fara haɗa shi, a wasu ƙananan kulob-kulob inda iyaye ke zaune a benci suna jiran yara su gama.

Cikin 'yan Harvard ɗin nan akwai Lauren Scruggs, baƙar fata, 'yar Queens a nan New York. Ita ta ci kofin foyil na NCAA na mutum ɗaya a 2023. Wata huɗu bayan Columbus sai ga ta a gasar Olamfik ta Paris, ta fitar da abokiyar wasanta ta Harvard, Jessica Guo mai wakiltar Kanada, ta je har wasan ƙarshe inda Lee Kiefer, tsohuwar 'yar Notre Dame, ta doke ta. Ta dawo da azurfa, baƙar mace ta farko daga Amurka da ta ci lambar mutum ɗaya a wasan takobi, sannan ga zinariya ta ƙungiya. Tun tana ƙarama ta fara, wanta ta bi. Ku riƙe wannan, wanta ta bi.

Kafin ita akwai Peter Westbrook, wanda ya rasu a Nuwamban 2024. A gidajen gwamnati na Newark ya tashi, mahaifiyarsa 'yar Japan ce, ita ta tura shi wasan don ta raba shi da titi. Takobi ya kai shi jami'ar New York karatu kyauta, ya ci tagulla a Olamfik ta Los Angeles a 1984. A 1991 ya buɗe gidauniya mai sunansa a Manhattan, inda ake koya wa yaran talakawa wasan ranar Asabar da safe, ana kuma taimaka musu da karatun boko. Daga nan Keeth Smart da ƙanwarsa Erinn suka fito, duk su biyun suka ci azurfa a Beijing a 2008. Daga nan Ibtihaj Muhammad ta bi, ta yi jami'ar Duke, ta ci tagulla a Rio a 2016 da hijabinta. Abin da ya ja iyayenta ga wasan tun farko shi ne kayan: wando da riga mai dogon hannu da safar hannu da abin rufe fuska. Duk wadda a cikinmu ta taɓa yin rigima da Mama a kan gajeren wandon wasan makaranta ta san darajar wannan.

Yanzu ku gaya mini, daga Bronx zuwa tsakiyar Manhattan awa nawa ne a jirgin ƙasa? Bai kai awa ɗaya ba. Fiye da shekara talatin ƙofar nan na buɗe, mu muna nan muna tura kowane yaro ƙwallon kwando, inda dubban makarantun sakandare ke gasa a kan 'yan gurabe. Jami'o'in da ke da ƙungiyar takobi a NCAA ba su kai hamsin ba, gaskiya ne, amma ku duba sunayensu: Harvard, Columbia, Princeton, Yale, Duke, Stanford, Notre Dame, Penn State, Ohio State, St. John's. Ai su ne dai makarantun da Baba ke ambata in yana mana faɗa a kan sakamakon jarrabawa.

Ba na ganin laifin iyayenmu. Mutumin da ya yi tuƙin tasi na awa goma sha biyu, ko matar da ta kwana aikin jinya, ka ce masa takobi, abin da zai zo masa a rai hawan sallah ne da dogaran sarki, ko kuma 'yan daba. Ba su da lokacin binciken menene gasar shiyya. Mu ne muka yi makarantar nan, mu muka iya cika fom a intanet, mu muke fassara wasiƙun makaranta a gida tun muna aji huɗu. In ƙanenka ko ƙanwarka bai taɓa jin labarin wasan ba, kai Yaya, ke Yaya, ku ya kamata a tambaya.

Na san abin da za a ce, kuma ba ƙarya ba ne: wasan masu kuɗi ne. Abin rufe fuska, riga mai waya, takubba aƙalla biyu don suna karyewa, darasi na mutum ɗaya da koci, ga kuɗin jirgi da otal zuwa gasannin ƙasa. In yaro ya yi nisa, dubban daloli ne a shekara. Kuma kada wani ya yaudare ku cewa takobi tikitin karatu kyauta ne. Harvard da sauran 'yan rukuninta na Ivy ba sa ba da tallafin wasanni ko sisi, tallafinsu a kan ƙarfin aljihun iyaye yake, kuma sai sakamakon yaro ya yi kyau kafin a saurare shi. Sai dai wannan ɗin ma mu yake yi wa daɗi: a 2025 Harvard ta sanar cewa iyalin da kuɗin shigarsu bai wuce dala 100,000 a shekara ba, ba za su biya komai ba. Matsalar ita ce shiga, kuma koci mai neman cike gurbi na goma sha biyu yana da bakin magana a wurin.

Wasan kansa ma ba shi da tabbas a wasu makarantun. A 2020 Stanford ta ce za ta soke shi tare da wasu wasanni, sai da tsofaffin ɗalibai suka tayar da jijiyar wuya ta janye a 2021. Duk da haka ni dai a ganina bai kai cacar da muke yi da ƙwallon kwando ba.

Ga kuma wani abu da mu 'ya'yan fasfo biyu ya kamata mu lura da shi. Fares Ferjani, ɗan Tunisiya da ya ci azurfar seba a Paris, a St. John's ta Queens ya yi wasan jami'a. A gasar dai, Evann Girault ya riƙe wa Nijar takobi. A 2025 Legas ta karɓi baƙuncin gasar takobi ta nahiyar Afirka. Yaron da ya samu horon jami'a a nan, yana da gidan da zai iya wakilta a can.

Abin da zai fi ba mu wuya, in mun faɗa wa juna gaskiya, shi ne Asabar da safe, don lokacin Islamiyya ne a yawancin masallatanmu. Wannan magana ce ta zama da Malam, cikin ladabi, a tambaye shi ko akwai ajin yamma ko na Lahadi. An yi wa masu ƙwallon ƙafa wannan alfarmar a wurare da dama. Kuɗin kaya kuma, ƙungiyoyinmu da ke iya tara kuɗin anko da hayar zauren biki cikin mako biyu ba za su gaza sayen abin rufe fuska guda biyar da yara za su riƙa karɓa-karɓa ba. Ni zan kai maganar taronmu na wata mai zuwa, kuma ina neman mutum biyu masu katin jirgin ƙasa na wata da za su iya raka yara.