Ra'ayinmu: Wa Ke Biyan Kuɗin Ramin?

A ranakun 19 da 20 ga Agusta 2025 mutanen Kiruna, wani gari a can ƙuryar arewacin Suwidin, suka fito suka tsaya bakin hanya suna kallon majami'arsu tana tafiya. Ginin katako ne na shekarar 1912, nauyinsa ya zarce ton 600, aka ɗora shi ɗungum bisa tayoyi aka ja shi kilomita 5 zuwa sabon mazauni. Jaridun duniya sun ɗauki abin a matsayin abin mamaki kurum. Mu kuwa muna ganin akwai abin da ya kamata ɗalibi ya tsaya ya yi nazari a kai, musamman wanda gobe zai zauna a ofishin da ake ba da izinin haƙar ma'adinai.

Kiruna tana wajen kilomita 145 arewa da layin da malaman labarin ƙasa ke kira Da'irar Aktik. Daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli rana ba ta faɗuwa, a Disamba kuma sai a yi makonni ba ta fito ba. Babu abin da zai kai mutum ya kafa gari a irin wannan wuri in ba dukiya ba, dukiyar kuwa ita ce tama. An kafa garin a 1900, sa'an nan aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta ratsa duwatsu zuwa Narbik a ƙasar Norwe, domin ruwan ɗumi da ke gangarowa daga tekun Atlantika yana hana tashar jiragen ruwan can daskarewa, alhali ta Luleya a gefen Suwidin ƙanƙara na rufe ta da hunturu. To, jijiyar tamar ta karkata ne ta shige ƙarƙashin gari. Duk lokacin da haƙa ta ƙara zurfi sai ƙasa ta tsage ta nufo gidajen mutane. A 2004 kamfanin LKAB, wanda mallakar gwamnati ne, ya shaida wa hukumar gari cewa tilas a tashi. Abin lura shi ne dokar ma'adinai ta Suwidin ta ɗora wa mai haƙa nauyin ɓarnar da ya jawo, saboda haka kamfanin ne ke sayen gidajen ko ya gina madadinsu, shi ya kuma biya kuɗin jan majami'ar.

Yanzu sai mu juya gabas, zuwa Norilsk a Saiberiya ta ƙasar Rasha, wadda ta fi Kiruna nisa arewa, ta kuma fi ta jama'a nesa ba kusa ba. Sanyi a can yakan wuce awo 40 ƙasa da sifiri. Babu titi ko hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa ta da sauran Rasha, sai jirgin sama ko na ruwa ta tashar Dudinka. Fursunoni ne suka gina ta tun daga 1935, a zamanin Stalin, kuma dubbai sun mutu a sansanin gwale-gwalen kafin a rufe shi a 1956. Nikel da jan ƙarfe da ake narkarwa a can sun wadata masu kamfani da baitulmali, hayaƙin farar wuta kuwa ya kashe itatuwan da ke kewaye. A ƙarshen Mayu 2020 wani tankin man dizal ya rushe, kimanin ton 21,000 ya malale, kogi ya koma ja wur. Sai a 2021 kotu ta ci kamfanin tarar rubul biliyan 146, bayan aikin gama ya gama.

Ga garuruwa biyu, sanyi iri ɗaya, duhu iri ɗaya, arziki duk a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya raba su shi ne lokacin da aka ba mai haƙa takardar biya, da kuma ko talakan gari yana da bakin magana.

Kada a ɗauka muna wanke Suwidin ne. Kabilar Sami sun riga kowa zama a wannan yanki, suna kiwon wata dabba mai kama da barewa, kuma ramuka da hanyar jirgi sun datse musu burtali. Da kamfanin ya ba da sanarwar wani sabon ma'adini kusa da garin a 2023, makiyayan sun ce abin da ya rage musu na hanya shi ma zai tafi. Kuɗi na iya jan majami'a, amma ba mu ji inda suka ja makiyaya ba. Duk wanda ya san yadda burtali ke ɓacewa a ƙasarmu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Dalilinmu na kawo wannan zance ke nan. Wanda ya bi ta Filato ya ga kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, inda a lokacin yaƙin duniya na biyu Turawa suka kwashi talakawa aikin tilas. Kamfanonin sun tafi, ramukan suna nan. A Zamfara kuma, a 2010, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400, Bagega ba ta sami aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa ba sai 2013.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla za su bar jami'a su shiga ma'aikatun filaye da na ma'adinai, wasu ma sun riga sun shiga. Roƙonmu gare su, idan fayil ɗin neman izinin haƙa ya iso teburinsu, su duba ko an rubuta a ciki wanda zai cike ramin, da nawa ya ajiye tun yanzu, da kuma ko an zauna da manoma da makiyayan wurin. Muna kuma kira ga sashen labarin ƙasa da na shari'a su haɗu su shirya lacca kan dokar ma'adinai ta 2007 kafin ƙarshen wannan zango, Ƙungiyar Ɗalibai za ta nemi zaure.