A Daina Yi Wa Mai Haihuwar Mata Gori

Har yau akwai gidajen da idan mace ta haifi 'ya mace karo na uku, 'yan barka kan shigo jiki a sanyaye. Uwar miji ta ɗaure fuska, kafin a gama wankan jego an fara zancen a nemo wata "mai haihuwar maza". Ni malamar kimiyyar halittu ce a sakandaren 'yan mata, kuma wannan magana tana ci mini rai, domin abin da nake zanawa a allo kowace shekara ya ƙaryata ta.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da kuromosom 46, wato zarurrukan da bayanan gado ke naɗe a cikinsu, an jera su biyu-biyu. Da uba zai ba da 46 uwa ma ta ba da 46, da ɗa ya tashi da 92, jika da 184. Shi ya sa a marainan namiji da ma'ajiyar ƙwan mace ake wata rabuwa ta musamman mai suna mayosis: ƙwayar ta kwafi zarurrukanta sau ɗaya, ta rabu sau biyu. Sai ƙwan mace ya fito da 23, ƙwayar maniyyi ma 23, su haɗu lissafi ya cika. Tun 1883 Edouard van Beneden na Beljiyam ya ga wannan ragi a tsutsar cikin doki.

To, ga inda gizo ke saƙar. Biyun ƙarshe a jerin, na mace XX ne, na namiji XY. Idan an raba na mace, ko ta wane ɓangare X za a samu. Ba ta da wani abin bayarwa sai shi. Maniyyi ne ke zuwa kashi biyu, wani da X, wani da Y. Mai Y ya riga shiga ƙwai, a haifi namiji. Mai X ya riga, a haifi mace. Wata ba'amurkiya, Nettie Stevens, ta gano tushen wannan a jikin ƙwari a 1905.

Ba ina juya laifi kan maigida ba ne. Shi ma ba ya zaɓa, kuma 'ya mace ba laifi ba ce balle a nemi wanda za a ɗora wa. Kyauta ce daga Allah. Abin da ke ƙona mini rai shi ne baiwar Allah tana fama da ciwon haihuwa, ana jifanta da habaici kan abin da ba ta da hannu a ciki.

Ungozomomi da malaman asibiti, ku ne kuke wurin lokacin da ake tambayar "me aka samu?" Don Allah ku riƙa yi wa miji da danginsa wannan bayani tun a ranar.