Oba-oba Ba Ta Haye Dutse

Ya ku talakawa da 'yan kasuwa! Wai mu kwanta da minshari, 'yan kwana-kwana suna da oba-oba. To, ku ji: oba-obar hannu mil kaɗan take kai murya, dutse kuwa tare ta yake yi. Ma'aikacin da ke bayan dutsen Kwatarkwashi ko duwatsun Tsafe ya yi ta kira, Gusau ba ta jinsa, gobara tana ci. Maganin abin doguwar hasumiya ce mai miƙa murya gaba.

A Satumban 2021 aka datse wayoyin salula a Zamfara. Da rumbunanmu sun kama a Ruwan Bore, da me za a kira mota? Kuɗin rumfa dai ba a taɓa fashin karɓarsa ba. Ba mai riƙe da tiyo muke zargi ba, mahukunta muke tambaya: ina hasumiyar?