Kafin a Kafa Gilashi, a Tambayi Ta Ina Iska Za Ta Bi

Duk wanda ya ratsa cikin birnin Zariya a 'yan shekarun nan, daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, zai ga yadda gidajen tubali ke faɗuwa ana tayar da na bulo da siminti. Ba ni da ja a kan wannan. Abin da ke damuna shi ne wani yayi da ya biyo sababbin gidajen: makeken gilashi da ake kafewa a bangon falo, wani lokaci har ɗakin kwana, wanda ba a yi shi don ya buɗu ba. Daga waje gwanin sha'awa, amma kyan ɗan maciji ne. A ganina, ya kamata a sa wa girman irin wannan gilashi iyaka, domin magana ce ta lafiyar iyali.

Gilashi yana barin rana ta shiga ɗaki, sannan ya tsare zafin da ta bari, kamar motar da aka kulle a rana. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Zariya kan doshi digiri 40, falo mai gilashi ta yamma yakan zama tanda daga la'asar har dare. Mai gida ya dogara ga na'urar sanyaya ɗaki, alhali kowa ya san halin wutar lantarkinmu. Jarirai da tsofaffi da masu ciwon zuciya ko ƙoda su ne wannan zafi ya fi galabaitarwa.

Rashin iska ya fi zafin haɗari. Tarin fuka yana yaɗuwa ne ta iskar da mai cutar ya fitar, kuma ƙwayoyinsa sukan daɗe suna yawo a ɗakin da ke rufe. Sanƙarau ma ya fi samun kafa inda mutane suka cunkushe a lokacin zafi da ƙura. Ba mu manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000. Ga kuma hayaƙin janareta da na gawayi, masu ɗauke da gubar da ba ta da wari, wadda kan kashe mutum yana barci.

Wani zai ce ai ɗakunan kakanninmu ma 'yan mitsitsin tagogi gare su. Gaskiya ne, kuma duhunsu da ƙarancin iskarsu ba abin koyi ba ne. Sai dai maginan da suka gaji Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, sun san cewa rana abar tsarewa ce. Katangarsu mai kauri ta hana zafi ratsawa, yawancin hidimar gida kuma a tsakar gida ake yin ta. Mu mun mayar da rayuwa cikin ɗaki, muka buɗe wa rana hanya, muka toshe wa iska.

Ko Ingila mai sanyi, tun 2022 ta sa dokar da ta taƙaita yawan gilashi a sababbin gidaje saboda gudun zafi. Ƙa'idarsu kuma ta nemi ɓangaren taga mai buɗuwa ya kai aƙalla kashi 1 cikin 20 na faɗin daɓen ɗaki. Mu auna da namu: ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi yana buƙatar buɗaɗɗen gurbi na murabba'in ƙafa 7 da 'yan kai. Taga mai zamewa ta ƙafa 4 da 4 rabinta kaɗai ke buɗuwa, wato 8. Ashe taga ɗaya da ƙyar ta cika ma'aunin ƙasar sanyi, balle Zazzau a bazara.

Saboda haka nake kira ga hukumar KASUPDA, mai amincewa da zanen gini a Jihar Kaduna, da ta duba tagogi kamar yadda take duba tazarar gida da hanya. Amma mai gini kada ya jira hukuma. A bai wa kowane ɗaki tagogi a bango biyu, domin iska ta shiga ta fita. A rage gilashi ta gabas da yamma, ko a yi masa rumfa ko inuwar bishiya. In dole sai an sa kafaffen gilashi, ya zama ƙarami, a haɗa shi da sashe mai buɗuwa da ragar sauro, kuma kada ya sauko inda yara ke guje-guje. Ƙarfen tsaro na taga ɗaya aƙalla ya zama mai buɗuwa daga ciki, saboda gobara.

Uwargida da yara su suka fi kowa wuni a waɗannan ɗakuna, don haka a ji ta bakinsu tun zane yana kan takarda. Gyara a lokacin bai wuce fensir ba. Bayan an yi yaɓe kuwa, sai an fasa bango. Allah Ya sa gidajenmu su zama wuraren hutu da ƙoshin lafiya.