Wa Za A Ba Riƙon Yaran Da Ba Su Da Gata?

Muna roƙon Edita ya ba mu ɗan fili mu yi magana da 'yan'uwanmu ɗalibai, da malamanmu masu girma, a kan wani al'amari da ya daɗe yana damunmu. Mu dai yara ne, ba mu isa mu yi wa manya gyara ba. Amma da ya ke mun durƙusa gaban alaramma da allo, mun kuma zauna bisa benci da littafi, muna tsammani abin da idonmu ya gani a wuraren nan biyu ya isa a saurara masa kaɗan.

Duk wanda ya bi ta Kawo ran Talata, ranar da kasuwa ke ci, ko kuwa ya tsaya a tashar da a ke shiga motocin Zariya da Kano da Katsina, lalle ya ga yaran da mu ke nufi. Wani da robar bara a hannu, wani yana dako, wani ya sami inuwa ƙarƙashin gada ya miƙe. A cikinsu akwai almajirai, akwai marayu, akwai waɗanda rashin zaman lafiya ya koro iyayensu daga ƙauye. Kowa ka tambaya sai ya ce a gina musu makaranta, a ba su abinci. Ba mu musa ba. Amma akwai tambaya guda wadda ba a faye yi ba: kadan an gina makarantar, wane irin mutum za a ɗanka wa yaran? Daga ina ya fito, me ya sani, me kuma ya taɓa gani a rayuwarsa?

Gwamnati ba ta rasa yin ƙoƙari ba. Cikin watan Afrilu 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, cikin Sakkwato, aka bi ta da waɗansu fiye da 150 a jihohi dabam dabam. Ba a daɗe ba sai aka riƙa jin labarin da yawa daga cikinsu sun koma kango. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yi shawara a mai da kowane almajiri jiharsa, aka yi ta jigilar yara a manyan motoci tsakanin Kano da Kaduna da sauran wurare. A watan Mayu 2023 kuma aka sa hannu a dokar da ta kafa hukumar ƙasa mai kula da ilmin almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta. To, in ka duba maganganun da aka yi cikin shekarun nan duka, za ka tarar yawancinsu na gini ne, da kuɗi, da ƙidayar yara. Maganar mutumin da zai zauna da yaro kullum safe da yamma, ita ce ta zo ƙarshe.

Bari mu ba da labarin abin da ya buɗe mana ido. Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa a wata makarantar firamare ta gefen Kawo, mun tarar da almajirai uku a aji ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, ɗan wajen shekara goma, ba ya kai hantsi sai ya kifa kai bisa tebur ya yi barci. Muka yi masa faɗa, muka tsai da shi a gaban aji, duk a banza. Muka rubuta a takardarmu cewa yaron malalaci ne, bai iya karatu ba.

Cikin ƙungiyarmu kuwa akwai wani wanda ya girme mu duka, ya yi shekaru yana gardi a tsangaya kafin ya shiga boko. Ran da aka ba shi ajin, bai ɗauki bulala ba. Sai ya matsa kusa da yaron ya ce, "Ɗan malam, ina aka tsaya a allo?" Yaro ya ɗaga kai, ya faɗi surar da ya ke. Ya ba shi alli ya ce ya rubuta farkonta. Jama'a, sai ga rubutu a miƙe, da wasulla kowane a wurinsa, wanda da yawa cikinmu ba mu iya irinsa ba. Ashe wanda mu ke kira jahili ya fi mu hannu! Daga nan abokin namu ya nuna masa cewa boko ma babbaƙu ne da farfaru, sai dai shi daga hagu a ke faro shi. Kafin mu bar makarantar yaron na haɗa kalmomi.

Da muka tambaye shi zancen barcin, sai ya yi dariya ya ce, "Wanda ya yi karatun dare, ya tashi tun kafin asuba, sa'an nan ya zaga gidaje neman ɗumame, in ya samu ya ci in bai samu ba ya taho haka, yaya ba zai yi barci da hantsi ba?" Ya je ya gai da alaramman yaran, ya durƙusa yadda a ke durƙusawa, suka daidaita a kan lokutan karatu. Mu da mu ke da littattafan koyon tarbiyya cike da jaka, ko a mafarki ba mu tuna da zuwa wurin alaramma ba. Gaskiyar masu iya magana, mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

To, ga inda gizo ke saƙa. Abokin nan namu sa'a ya yi, wani ɗan'uwansa ya ɗauki nauyinsa har ya shigo kwaleji. Irinsa nawa ne a tsangayun Kaduna da Zariya da Kano waɗanda ba su sami mai ɗauka ba? Ƙa'idar ƙasar nan ta ce mafi ƙanƙantar shaidar da za a ɗauki malami da ita, ita ce takardar NCE. Saboda haka gardin da ya haddace Alƙur'ani, ya yi shekaru yana kwana da ƙananan yara, yana jinyarsu in sun yi zazzaɓi, yana raba su faɗa, a idon ofis ba malami ba ne. Wanda a ke ɗauka shi ne mai takarda, ko da kuwa bai taɓa kwana da yunwa ba, bai taɓa shiga zauren tsangaya ba.

Kada a ce muna raina takarda, ai ita mu ke nema dare da rana. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka yanka. Wannan ya isa ya nuna cewa malamin da ba shi da ilmi hasara ne ga yaro. Abin da mu ke cewa shi ne, jarrabawa tana auna abin da ke cikin kan mutum, amma ba ta auna haƙurinsa, ba ta kuma gaya maka ko ya san abin da ke sa maraya ya yi shiru in an ce kowa ya kawo ubansa gobe.

Mun san wani zai ce, "Kai, ku yi hankali! Ba gardawan nan ne ke zane yara da dorina ba? Ba su ne waɗansunsu ke karɓe abin da yaro ya samo ba?" Haka ne, mu ma akwai tabon a bayanmu. Wahala takan yi wa wani laushin zuciya, takan kuma busar da ta wani, har ya ga tun da shi aka doke shi ya yi karatu, kowa ma sai an doke shi. Don haka ba mu ce a kwaso kowane gardi a ba shi aji ba. A zaɓa, a tambayi mutanen unguwa halinsa, a dubi yadda yara ke yi in sun hango shi, ko su sheƙo wurinsa ko su ɓuya. Wanda ya ci wannan, sai a horar da shi.

Wannan shawara kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793, da ta so ilmi ya kai ga matan ƙauye, ba ta aika musu da 'ya'yan fada ba. Sai ta zaɓi dattijan mata masu mutunci daga cikin ƙauyukan, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji ta jawo 'yan taru zuwa wurinta, su ɗauki karatu cikin waƙa, su koma su koyar da na gida. Ilmi na Nana ne, amma bakin da ya isar da shi na 'yar gari ne. Haka kuma Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, da ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, da ajin malamai ya fara, mutanen da suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, ya ƙara musu lissafi da rubutun boko don su koyar.

Ko a Amurka ma an gane haka. A birnin Portland, cikin 1993, wani attajiri mai suna Duncan Campbell, wanda shi kansa ya tashi a gidan da iyaye ba su kula da shi ba saboda shaye-shaye, ya kafa ƙungiya mai suna Friends of the Children, watau Abokan Yara. Ba 'yan sa kai su ke nema ba. Mutum su ke ɗauka aiki sosai da albashi, a ba shi yara kamar takwas, ƙungiyar kuwa ta yi alkawarin ba za ta saki yaro ba tun daga shigarsa makaranta har shekara 12 ko fiye. Abin lura a nan biyu ne: wanda ya san zafin abin shi ya tsiro da maganin, kuma riƙon yaro sana'a ce da a ke biya, ba aikin ranar hutu ba.

Ga roƙonmu. Na farko, a buɗe wa gardawa da alarammomi matasa ƙofar samun takardar malanta. Ba sai an je nesa ba. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI, tana nan bisa hanyar Zariya, kaɗan gaba da Kawo. An kafa ta a 1976, shekarar da aka fara ilmin firamare kyauta ga kowa, don ta horar da malaman da ke bakin aiki ba tare da sun bar ajinsu ba. Abin da aka yi wa waɗancan, me zai hana a yi wa waɗannan?

Na biyu, muna roƙon malamanmu na kwaleji, kowane ɗalibi kafin a ba shi takarda, a tura shi ya yi ko da wata guda yana zuwa tsangaya ko gidan marayu, ya zauna a ƙasa, ya ci abin da su ke ci. Gani ya kori ji. Ɗan gata ma yana iya zama uban marayu, in ya yarda ya koya.

Na uku, kada a manta da 'yan mata masu talla a tasha da kasuwa. Su mace su ke bukata, wadda ta taɓa ɗaukar faranti a ka, ta san irin maganganun da a ke gaya wa yarinya a bakin mota.

Na huɗu, wanda aka ba wannan aiki a biya shi a kan kari, kuma a bar shi wuri guda ya daɗe. Yaron da uwa ta rabu da shi, uba ya rabu da shi, kada malami ma ya zama mai zuwa yau ya tafi gobe.

'Yan'uwa ɗalibai, saura kaɗan a watsa mu cikin makarantu. Ko wanenmu zai tarar da yaro mai kifa kai da hantsi. Kafin mu ɗaga hannu, mu tambaye shi inda ya kwana, da abin da ya ci, da inda aka tsaya a allo. In abin ya fi ƙarfinmu, mu nemi wanda ya fi mu sanin hanyar, ko da ba ya jin Ingilishi, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu haƙurin riƙon amana, ya sa mu dace, amin.

Wani ɗalibi, Kawo, Kaduna