Kwana takwas bayan tiyata aka mayar da shi fili

A makarantar horon malamai inda nake koyarwa akwai filin ƙwallon kwando na siminti a bayan azuzuwa, kullum da la'asar ɗalibaina na can suna tsalle har magariba. Rannan na ji su suna zagin Joel Embiid, ɗan Kamarun nan da ke wasa a NBA ta Amurka, wai rago ne, yau gwiwa gobe gwiwa. Ban tanka ba, amma maganar ta tsaya mini a rai, don waɗannan samarin su ne gobe za su riƙe ƴaƴanmu a darasin motsa jiki.

Da na samu dama sai na ba su labarin Brandon Roy. A 2007 shi aka zaɓa gwarzon sababbin ƴan wasa, sau uku a jere kuma ana zaɓarsa cikin ƴan wasan taurari yana ƙungiyar Portland. A watan Afrilun 2010 guringuntsin gwiwarsa ta dama ya yage, aka yi masa tiyata. Kwana takwas kacal sai ga shi a fili yana karawa da Phoenix, jama'a na ta tafi, ana cewa namiji. Farkon 2011 aka sake yi masa aiki a gwiwoyi biyu. Kafin shekarar ta ƙare ya ajiye wasa yana da shekara 27, saboda guringuntsin ya cinye, ƙashi na gogar ƙashi. Ya gwada dawowa a Minnesota a 2012, wasa biyar ya buga.

Ba na cewa wasa ɗaya ne ya kashe gwiwar Roy, tun kafin nan tana da matsala. Abin da ke damuna shi ne tafin da aka yi masa. Guringuntsin nan kamar matashi ne tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, shi ke shanye nauyin dirowa. Jini ba ya isa cikinsa sai gefe-gefe, shi ya sa ba ya saurin warkewa. In ya yage, likita ko dai ya yanke ɓangaren da ya lalace, mutum ya koma wasa cikin ƴan makonni, ko ya ɗinke shi, a yi watanni ana jira. Abin da aka yanke ba ya tsirowa, kuma gwiwar da aka rage wa matashi ta fi saurin kamuwa da amosanin gaɓɓai. Derrick Rose, wanda ya zama gwarzon NBA a 2011 yana shekara 22, ya ɗanɗana hanyoyin biyu: a 2013 an ɗinke masa, ya rasa sauran kakar, a 2015 aka yanke, ya dawo cikin kusan mako shida.

Daga kakar 2023-24 NBA ta kafa doka cewa sai ɗan wasa ya buga 65 cikin wasanni 82 kafin ya cancanci manyan kyaututtuka. Na fahimci dalili. Mutum ya sayi tikiti da tsada, ya zo da ɗansa, ya tarar tauraron na zaune da kayan gida alhali lafiyarsa ƙalau. Wannan cin amana ne. To amma doka ba ta bambance mai wayo da mai ciwo. A Janairun 2024 an yi ta sukar Embiid don bai buga wasan Denver ba. Ƴan kwanaki bayan nan ya fito karawa da Golden State yana ɗingishi, wani ya faɗo masa a ƙafa, aka kai shi tiyata. Kakar da ta biyo baya wasa 19 ya buga. A ganina wanda ya kamata ya yanke hukunci kan gwiwa shi ne likitan da albashinsa bai rataya a kan cin wasan gobe ba.

Su dai waɗancan suna da kwangilar miliyoyin daloli, Roy ma ya koma koyar da ƙwallo a wata makarantar sakandare a Seattle. Yaron kolej da ke tsalle kan siminti da takalmin da ya sha jiki ba shi da wannan gata. Yaro mai tasowa da sauri, in ya ce ƙasan ƙoƙon gwiwarsa na ciwo, har wani ƙullutu ya fito a saman ƙwauri, galibi wurin girman ƙashi ne jijiya ke ja. Yakan lafa in an rage tsalle da gudu, an ci gaba da miƙa cinya da ƙarfafa ta a hankali. Amma gwiwar da ta kumbura bayan wasa, ko take maƙalewa, ko take sulluɓewa a ƙarƙashin mutum, wannan ta asibiti ce, ba ta man zafi da ɗauri ba.

Kuma ku iyaye, in mushe ya zaunar da ɗanku ranar gasar makarantu, kada ku zo kuna faɗa wai an hana shi dama. Ni ma na taɓa yin kuskuren: ina sabon malami na sa wani yaro ya ƙarasa wasa yana jan ƙafa, don muna gab da cin kofi. Mun ci. Shi kuma wata biyu yana zuwa aji da sanda, kuma duk da mahaifinsa bai ce mini uffan ba, har yau in mun haɗu a kasuwa nakan rasa inda zan sa idona.